Zan sayi gida a Houston: ta yaya zan ga takardunsa a ofishin gunduma?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Kano ne, shekara tara ke nan ina zaune a Houston ta jihar Texas. Wani bawan Allah da muke sallar Juma'a tare ya ce zai sayar mini da gidansa in riƙa biya wata-wata ba tare da banki ya shigo ba, abin ya kwanta mini domin ina gudun riba. Ya ce gidan nasa ne shi kaɗai, babu bashi a kansa, kuma ruwa bai taɓa shigarsa ba. Ban zarge shi da komai ba, amma kuɗin gumina ne. An ba ni shawara in rubuta wa gwamnatin gunduma a ƙarƙashin dokar FOIA. Wane ofishi zan nufa, me zan rubuta, nawa zan biya? Katin izinin zama kawai gare ni, za su saurare ni? Kuma za su gaya masa ina bincike?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa gidan ya zame maka alheri. Neman ganin takarda ba zargi ba ne, kuma duk mai sayarwa na gaskiya ba zai ji haushi ba. Abin da ba a yi shi ne cinikin biri a sama.

Wanda ya ba ka shawara ya yi niyya mai kyau, sai dai ya nuna maka ƙofar da ba ita ba. FOIA dokar gwamnatin tarayya ce ta 1966 mai ba jama'a damar ganin takardun hukuma, hukumomin tarayya kaɗai ta ɗaure. Gunduma ba ta ƙarƙashinta. Kowace jiha a Amurka da tata dokar, taku ta Texas an yi ta a 1973, sunanta yanzu Texas Public Information Act, tana babi na 552 na kundin dokokin gwamnatin jihar. Wasu jihohi, irin su Virginia da Tennessee, 'yan jiharsu kaɗai suka wajabta wa ofisoshinsu su amsa wa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince wa Virginia da hakan a 2013. Texas ba ta sa wannan sharaɗi ba. Katin zamanka ba zai hana komai ba, ko daga Fagge ka aiko da wasiƙa hakkinka ɗaya da haifaffen Houston. Dokar ma ta hana ma'aikaci ya tambaye ka dalilin da ya sa kake son takardar.

Amma abin da nake so ka riƙe ya fi wannan. Mafi yawan abin da kake nema ba ya buƙatar wasiƙa ko kaɗan. A buɗe yake, yana jiran mai dubawa. Aikin shi ne sanin wane ofishi ke riƙe da wace takarda, domin gundumar Harris, inda Houston take, ba ofishi ɗaya ba ce. Mutum sama da miliyan 4.7 aka ƙirga a cikinta a 2020, ita ce ta uku a yawan jama'a a duk gundumomin Amurka, kuma manyan jami'anta da dama zaɓarsu ake yi, kowa da rumbun takardunsa. In ka aika wa wanda ba shi ke riƙe da takardar ba, amsar da za ka samu ita ce ba su da ita, ka yi asarar makonni.

Fara da hukumar ƙiyasta darajar gidaje, wadda ake kira HCAD. Ka shiga shafinta na intanet ka rubuta adireshin gidan. Za ka ga sunan wanda ake yanka wa haraji, lambar asusun gidan, shekarar da aka gina shi, da kuma bayanin filin a hukumance, wato sunan rukunin gidajen da lambar layi da lambar fuloti. Ka kwafe wannan bayani harafi-harafi, da shi za ka yi sauran binciken. Sai dai kada ka ɗauki sunan da ke HCAD a matsayin shaidar mallaka. Aikinsu ƙiyasi ne domin haraji, kuma sukan yi jinkirin sauya suna.

Shaidar mallaka tana ofishin magatakardan gunduma, wanda a ƙofarsa aka rubuta County Clerk. A nan ake yi wa duk takardar da ta shafi ƙasa rajista, kuma a nan nake so ka ɓata lokacinka. Ana bincike ne da sunan mutum, ko dai a matsayin mai bayarwa ko mai karɓa. Ka nemi takardar da aka sayar wa mutumin nan gidan da ita, ka duba sunan wa da wa ke ciki. Daga nan ka nemi takardar jingina: in da kuɗin banki ya saya, za ka gan ta da sunan bankin da adadin bashin, galibi an yi mata rajista rana ɗaya da ta sayarwar. In ya gama biya, dole ka ga wata takarda daga baya da ke cewa an saki jinginar. Idan ka ga jingina ba ka ga saki ba, ka ɗauka bashin na nan har sai ya kawo maka shaida a rubuce. Wannan shi ne babban ramin irin cinikin da kuke shirin yi. Kai kana ba shi kuɗi duk wata, in shi ya daina biyan banki, bankin zai yi gwanjon gidan kana ciki. A Texas ranar Talata ta farko a kowane wata ake wannan gwanjo, kuma ana ajiye sanarwarsa a wannan ofishi aƙalla kwana 21 kafin ranar, don haka ita ma ka duba ta.

A rumbun nan za ka ga wasu basussukan da kan maƙale wa gida: na magini ko mai gyaran rufi da ba a biya ba, na ƙungiyar masu gidajen unguwa, na harajin tarayya, da hukuncin kotu da aka yi wa rajista. Akwai kuma sanarwar cewa ana shari'a a kan gidan. Ka gwada sunan ta fuskoki da yawa. Sunayenmu suna shan wahala a hannun masu rubutu a can, Muhammad ɗaya yakan fito da rubutu huɗu ko biyar, wani lokaci a sa sunan uba a gurbin sunan yanka. Na sha ganin an ce gida fes yake, ashe jinginar tana nan ƙarƙashin wani rubutun sunan. Abu ɗaya da ba za ka gani ba shi ne farashin da ya saya. Texas ba ta tilasta a bayyana shi, takardun sukan ce an sayar a kan dala goma da sauran abin da aka yarda da shi. Kada wannan ya ɗaga maka hankali, haka al'adar rubutun take.

Maganar "nawa ne ni kaɗai" tana buƙatar kulawa. A dokar Texas abin da aka samu cikin aure ana ɗaukarsa na miji da mata ne tare, kuma gidan da iyali ke zaune ba ya sayuwa sai dukansu biyu sun sa hannu, ko da sunan miji kaɗai ke takarda. In an taɓa saki, hukuncin rabon dukiya yana wani ofishi dabam, District Clerk, mai riƙe da fayilolin manyan kotuna. In gidan gado ne, fayil ɗin rabon gadon yana wurin County Clerk. Fayilolin kotu ba sa ƙarƙashin dokar Texas ɗin da na ambata, domin ta cire ɓangaren shari'a, amma mafi yawansu a buɗe suke ta hannun magatakardan kotun. Haraji kuwa, shafin ofishin mai karɓar harajin gunduma zai nuna maka ko ana bin gidan. Harajin da ba a biya ba zuwa 31 ga Janairu ya zama bashi daga 1 ga Fabrairu, kuma yana maƙale wa gidan ko da an sayar da shi. Ka duba ko unguwar tana ƙarƙashin hukumar ruwa ta yanki da ake kira MUD, domin sau da yawa harajinta dabam ake karɓa.

Yanzu ga inda wasiƙa ke da amfani, wato batun ruwa. Duk wanda ya zauna Houston a watan Agustan 2017 ya san abin da guguwar Harvey ta yi. Taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, a buɗe take, za ta nuna maka ko gidan yana yankin haɗari, amma gidaje da yawa da ke wajen layin taswirar sun sha ruwa a lokacin. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne izinin gyara da aka nema bayan ambaliya, da rahoton masu duba ɓarna, da ƙorafin magudanar ruwa a layin. Kafin ka rubuta, ka tabbatar gidan yana cikin iyakar birni ko wajenta. Adireshi na iya cewa Houston alhali gidan ba ya ƙarƙashin birnin. In yana ciki, takardun izini suna hannun hukumar birnin Houston. In yana waje, suna sashen injiniyan gunduma. Bayanin rafuka da magudanai, da shirin sayen gidajen da ruwa ke yawan ci, suna wurin Harris County Flood Control District, hukumar yaƙi da ambaliya ta gunduma da aka kafa tun 1937. Bayan wannan, dokar jihar ta wajabta wa mai sayarwa ya cika takardar bayanin halin gida, kuma tun 2019 aka faɗaɗa tambayoyin ambaliya a cikinta. Ka nemi ya cika ta ya sa hannu. Magana a bakin masallaci dabam, sa hannu dabam.

Wasiƙar dole ta zama a rubuce, waya ba ta ɗaure su. Kowane ofishi yana da adireshin imel ko shafin da ya ware don wannan, ka yi amfani da shi, domin in ka aika wa wani ma'aikaci kawai ana iya cewa lissafin kwanaki bai fara ba. Ka rubuta da Turanci, a gajarce. Ka ce a ƙarƙashin babi na 552 kana neman kwafin duk wani izinin gini ko gyara, da rahoton dubawa, da rahoton ɓarnar ambaliya, da ƙorafin magudanar ruwa da suka shafi adireshi kaza mai lambar asusu kaza, daga Janairun 2015 zuwa yau, kuma a aiko maka ta imel. Na ce 2015 ne domin an yi manyan ambaliyoyi a 2015 da 2016 kafin Harvey. Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne su yi tambaya, su ce "shin ruwa ya taɓa shiga gidan nan?" Doka ba ta tilasta musu amsa tambaya ko haɗa maka sabon bayani ba. Takardar da ke hannunsu ranar da ka nema ita kaɗai ce hakkinka. Don haka ka nemi takarda, kai ka ciro amsar daga cikinta.

Dokar ta ce su bayar cikin hanzari. In ba za su iya ba cikin ranakun aiki 10, sai sun rubuto maka sun sa rana. In suna ganin akwai abin da za su ɓoye, galibi ba su ke yanke wannan ba: cikin waɗannan ranaku 10 za su nemi hukuncin ofishin antoni janar na jiha, shi kuma yana da ranakun aiki 45. Kai ma kana da damar rubuta wa ofishin naka bayanin. In suka makara wajen nema, doka tana ɗaukar bayanin a matsayin na jama'a, sai in akwai dalili mai ƙarfi na riƙe shi. Wannan tsari yana burge ni, domin ya ɗora nauyin hujja a kan ofishi, ba a kan talaka ba. In suka rubuto suna neman ka fayyace abin da kake so, ka amsa nan take, shirun kwana 61 yana nufin ka janye.

Kuɗin ba shi da yawa. Kwafin takarda santi 10 ne kowane shafi, lokacin ma'aikaci kuma dala 15 a awa inda aikin ya yi yawa. In lissafi zai haura dala 40, sai sun aiko maka da ƙiyasi a rubuce tukuna, kai kuma ka amsa cikin ranakun aiki 10 ko buƙatar ta faɗi. A nan kana iya rage abin da ka nema, ko ka ce za ka zo ka duba da idonka. Takardun ƙasa na County Clerk farashinsu dabam ne, dala ɗaya kowane shafi, da ƙarin dala biyar in kana son mai hatimi.

Ko za a gaya masa? Duba takardun mallaka da haraji da na kotu ba ya kai wa kowa sanarwa. Wasiƙarka kuwa ita kanta tana zama takardar jama'a, wani na iya neman ganinta. Shawarata ma ita ce ka gaya masa da bakinka, ka ce Alhaji zan duba takardu kafin mu ƙulla. Addininmu ya ce a rubuta bashi a kafa shaidu, ba wanda zai ga laifinka.

Sai abu na ƙarshe, kuma kada ka tsallake shi. Binciken da za ka yi da kanka zai nuna maka ko ka ci gaba ko ka tsaya, amma ba zai maye gurbin kamfanin tantance mallaka da inshorarsa ba, kuma irin wannan ciniki na biya wata-wata yana buƙatar lauyan gidaje ya rubuta shi. Ka nemi a mayar da gidan sunanka tun ranar farko, shi ya riƙe jingina a kai har ka gama biya. In kuma kun zaɓi suna ya zauna nasa sai ƙarshe, dokar Texas ta wajabta masa yi wa yarjejeniyar rajista a ofishin County Clerk cikin kwana 30 da sa hannu. Bayan wata ɗaya ka shiga shafin ka nemi sunanka, ka ga lambar rajistar da idonka. Wasiƙar ruwan kuma ka aika ta a makon nan, tun kafin ka ba da kafin alƙalami, domin in ta kai ga antoni janar tana iya cin wata biyu ko fiye.