Tambayoyinku: Rigar tayi kyau a sikirin amma firintar 3D ta ƙi fitar da ita

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah a taimaka min. Ni ɗalibi ne a Zariya, na ɗan iya Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, na sassaƙa wani dattijo a tsaye da babbar riga da rawani inaso in fitar dashi da firintar 3D tsayinsa ya kai santimita 15. Rigar da simuleshan na yadi nayi ta, wato kwamfuta ce ta kwaikwayi yadda yadi yake zuba a jiki, kuma wallahi a sikirin tayi kyau sosai, amma da na tura ma mai firinta sai yace fayil ɗin bazai fita ba wai rigar bata da kauri. Ya zanyi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, mai firintar nan gaskiya ya faɗa maka kuma ya taimake ka da bai karɓi kuɗinka ya ɓata maka kaya ba. Yadin da Blender take yin simuleshan dashi shimfiɗa ce kawai, tana da tsawo tana da faɗi amma kaurinta sifili ne, ido yana ganinta a sikirin saboda manhajar tana shafa mata launi da haske, ita kuwa firinta ba ruwanta da launi, abinda take tambaya shine ina cikin abun nan ina wajensa, domin cikin zata cika. Abu marar kauri kuma bashi da ciki.

To kar kace bari in bata kaurin shadda na gaskiya shikenan, zo muyi lissafi. Mutum mai tsayin mita 1.8 in ka mayar dashi santimita 15 ka rage shi sau 12 kenan. Shadda ko rabin milimita bata kai ba, ka raba wannan gida 12 zaka samu wajen milimita 0.04, alhali bakin da firintar filamen, wato mai aiki da zaren roba, take fitar da narkakkiyar roba yawanci milimita 0.4 ne, kaga ya ninka yadin naka sau goma. Saboda haka dole ka ƙara wa rigar kauri fiye da gaskiya. Bakin riga da hannuwa da jelar rawani kar su gaza milimita 1 a kan abinda zai fito, in filamen ne ma ka kai 1.2 zuwa 1.5 don hankalinka ya kwanta. Milimita 1 ɗin nan a jikin mutum na gaske milimita 12 ne, wato dattijon naka bargo mai kauri zai yafa, kuma haka ake so, in ya fito a hannu ido bazai gane ba, musamman in ka ɗan sirantar da can gefen bakin rigar kaɗan.

Ga yadda nake bi. Da farko ka tsayar da simuleshan ɗin a firam ɗin da zubin rigar yafi maka kyau ka danna Apply ya zama ya daskare. Sannan ka saka Solidify ka bashi kauri, ka tura kaurin ta ciki wajen jiki don kar ninkin da ka sha wahala akansa ya kumbura ya ɓace. A nan zaka ga inda yadi ya tattaru sosai, irin kafaɗa da hammata, ya shige cikin juna, kar ka tsorata, mataki na gaba zai gyara.

Matakin da yafi komai muhimmanci kuma mutane suka fi tsallakewa shine cike tsakanin jiki da riga. Babbar riga tana da faɗi, tsakaninta da jikin mutum akwai fili babba, kuma babu mai leƙawa can. Ka ɗauko dunƙule ɗaya ka ja shi ka cusa ya cike filin nan gaba ɗaya, daga ƙirji har kusa da ƙasan rigar, ka bar ɗan zurfi kaɗan a bakin ƙasa da bakin hannu don ido ya ɗauka rami ne. In ka bar filin nan a firintar rezin, wato mai daskarar da ruwan roba da haske, ruwan rezin ɗin da bai ƙone ba zai maƙale a ciki, wanki bazai kai gareshi ba, bayan wani lokaci sai kaga abun ya tsage yana yoyo. In filamen ne kuma sai silaisa, manhajar da take yanka siffar leya leya don firinta, ta cika wurin da madogarai masu tallafe abun yayin fitowa waɗanda ba yadda zakayi ka ciro su. Jikin da ke ƙarƙashin riga ma goge shi, ka bar kai da hannu da ƙafa kawai.

Daga nan sai ka haɗe komai ya zama abu ɗaya kayi masa Voxel Remesh, shine zai narkar da duk inda ya shige juna ya baka fata guda ɗaya rufaffiya ba huji. Amma lura, in girman bokzel ɗin, wato ƙananan akwatunan da rimesh yake sake gina siffar dasu, yafi kaurin yadin zakaga rigar ta huhhuje, shi yasa nace kauri tukuna kafin rimesh. Bayan wannan ne zaka koma ka gyara ninkin da hannu. Blender tun fitowar 2.83 a 2020 tana da burushin Cloth a ɓangaren sassaƙa, ZBrush ma a shekarar ta kawo nata, suna taimakawa, amma ni a ganina burushin Crease da Pinch da idonka sun fi su aiki a wannan matakin.

Kuma tunda babbar riga ce bari in tsaya a nan kaɗan, don abun yana damuna in naga an yi ta tana zuba luɓus a jiki. Ka je masallacin Juma'a ka kalli dattijo da ya naɗe hannun rigarsa ya ɗora a kafaɗa. Ninkin duk daga kan kafaɗar yake tasowa, manya guda uku ko huɗu, su sauko su buɗe, gaban rigar inda aikin yake kusan a miƙe yake saboda nauyin zare ya sa wurin yayi tauri. Shaddar da tasha bugu bata lanƙwasa a hankali, karyewa take, ninkinta yana da kaifi da kusurwa, kuma sau da yawa zakaga karin guga yana nan a miƙe ya ratsa gaban rigar. A simuleshan ka fara da saitin Denim maimakon Silk ko Cotton ka ƙara taurin lanƙwasa, sannan ƙananan yamutsar nan da kwamfuta take watsawa ko'ina ka share mafi yawansu, a santimita 15 datti kawai zasu zama. Manyan ninki ka zurfafa su fiye da yadda kake gani daidai ne.

Na ƙarshe ka rage yawan foligon, wato ƙananan fuskokin da suka haɗu suka yi siffar, da Decimate don fayil ɗin yayi sauƙi, ka kunna 3D Print Toolbox ka danna Check All ya nuna maka huji da wuraren da sukayi siriri. Wajen fitar da STL, wato fayil ɗin da zaka tura ma mai firinta, ka kula, shi wannan fayil ɗin baya ɗauke da ma'auni, silaisa tana karanta lambar a matsayin milimita, mutuminka mai mita 1.8 sai ya buɗe a milimita 1.8 ka neme shi ka rasa. Kafin ka sake turawa ka sauke silaisa irin Cura ko PrusaSlicer, kyauta ne, in rezin ne Chitubox ko Lychee, ka yanka shi da kanka ka ja sandar nan ta gefe kana hawa leya bayan leya kana kallon bakin rigar, duk inda layin ya yanke ko ya ɓace to wurin bazai fito ba.

TAMBAYA: Malam ni tela ce a Maraɗi, ɗana ya zana min aikin wuya irin aska takwas a jikin wata riga a kwamfuta, yana fitowa raɗau a hoto amma da aka fitar da firintar 3D sai rigar ta fito sumul ba komai.

AMSA: Hajiya, abinda yaron yayi hoto ne ya manna a jikin rigar, ko kuma irin taswirar nan da take yaudarar haske ya zama kamar akwai tudu alhali babu. Fayil ɗin STL siffa kawai yake ɗauka. Ki ce masa ya mayar da zanen baƙi da fari, ya ƙara wa wurin foligon sosai, yayi amfani da Displace don aikin ya taso da gaske yadda in an juya rigar gefe za'a ga tudunsa. A rezin ya tasar dashi wajen milimita 0.3, a filamen kuma rabin milimita ko fiye, layin ma kar ya gaza faɗin bakin firintar. Kuma ya haƙura da zare ɗaya ɗaya, ya fitar da askakin da tambarin da gefen aljihu su fito sosai, cikin kuma ya ɗan ƙyasta shi kawai. Saƙar yadin kanta kar ya wahalar da kansa, fenti ɗaya zai shafe ta.

TAMBAYA: Bani da laftof, waya kawai gareni, zai yiwu?

AMSA: Sassaƙa zai yiwu ƙanina, akwai Nomad Sculpt a Android da iPhone da iPad, tana da rimesh kuma tana fitar da STL. Sai dai ninkin yadin da hannu zaka yi shi, kuma ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, wanda ya fara da dunƙule ya sassaƙo riga daga jikinsa baya gamuwa da matsalar ɗan'uwanmu na Zariya tunda komai a cike yake tun farko. Waya mai ƙaramin RAM zata dinga fita in foligon yayi yawa, ka dinga sebin akai akai. Manhajar Marvelous Designer da ake yanka yadi a ɗinka kamar a shago ita kam sai kwamfuta kuma biya ake.

TAMBAYA: Tsakanin rezin da filamen wanne yafi dacewa da irin wannan aikin, ga kuma matsalar wuta?

AMSA: Don yadi da aikin zare a ƙaramin abu rezin ne, leyarsa milimita 0.05 ce ko ƙasa, filamen kuma yawanci 0.1 zuwa 0.2 kuma layukan suna fitowa a kan ninki mai gangara. Amma rezin yana da wari kuma yana cin fata, sai da safar hannu da wuri mai iska, a wanke abinda ya fito da sifirit irin isofrofil sannan a gasa da hasken UV, kuma ruwan wankin ba'a zubawa a kwata. Abu mai santimita 15 a leya 0.05 leya 3000 kenan in a tsaye yake, awanni ne masu yawa, kar ka fara sai kan inbata ko sola. Ka raba shi gida gida, kai da rawani daban, hannuwa daban, ka yanka a inda yadi ya rufe mahaɗar kayi musu turaku da rami ka bar ɗan sarari kamar milimita 0.2 don su shiga, ka kwantar da jikin baya kaɗan yadda madogaran zasu kama bayan rigar su bar gaban. Babban jikin ka rarake shi ka bar bango milimita 2 da huji biyu a ƙasa don rezin ya tsiyaye. In kuma filamen ɗin PLA ka samu to ka sani yana fara laushi a wajen digiri 60, kar ka barshi a mota a rufe da rana a watan Afrilu, jelar rawanin ce zata fara lanƙwashewa.