Ragowar abinci a firij: awa nawa ya yi kafin ya shiga?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun da safe, na bari sai da na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce saboda aiki kina dafa abinci da yawa ya kai ku kwanaki, kina barinsa a tukunya ya huce sarai kafin ki sa a firij, wani lokaci har ya kwana a waje, don an ce miki abu mai zafi yana kashe firij. Kika tambaya kwana nawa abinci zai iya yi a ciki, kuma in bai yi tsami ba aka tafasa shi sosai, ai shi ke nan ko? Har kika ce yanzu haka akwai tukunyar miyar nama da ta kwana a kan murhu, kina shawarar yadda za ki yi da ita.

Zan zo kan lissafin kwanakin, amma ni inda gabana ya faɗi shi ne wajen "ya kwana a waje". Haka na yi ta yi shekara da shekaru, har ranar da abin ya ritsa da ni.

Shinkafa ce. Mun yi baƙi, ta ragu fiye da rabin tukunya, na rufe na ce bari ta huce, barci ya sace ni. Da sassafe na taɓa gindin tukunyar, har da sauran ɗumi. Na sansana, ƙalau take. Na juye a roba na tura firij, da rana na fito da ita na soya har tana tururi. Ba a yi awa uku ba yarana biyu suka fara amai babu ƙaƙƙautawa, ƙaramar ta galabaita sai da aka ƙara mata ruwa. Ina ta rantse wa ma'aikaciyar jinyar cewa a firij shinkafar take kuma na ɗumama ta da kyau. Ta bari na gama, sannan ta ce, "To, awa nawa ta yi kafin ta shiga firij ɗin?" Na yi shiru.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Ɗanyar shinkafa takan zo da wata ƙwayar cuta da masana ke kira Basilus siriyus, wadda take dunƙulewa cikin wani irin ɓawo mai tauri, dahuwa ba ta kashe ta. Muddin abincin yana da zafi sosai tana kwance. Da ya fara hucewa sai ta farka, ta hayayyafa, ta zuba dafi a ciki. Wuta kuwa ba ta karya wannan dafin. Kina iya tafasawa ki kashe ƙwayoyin da suka farka, dafin yana nan daram. Suyar da na yi da rana ihu bayan hari ce. Sannan ƙwayoyin da suke sa abinci tsami da yauƙi da wari daban suke da masu kwantar da mutum. Masu kwantarwar galibi ba sa canza ƙamshi ko ɗanɗano. Don haka hanci da harshe ba su isa shaida ba. In abinci ya yi tsami, tabbas ya lalace. In bai yi ba, hakan bai gaya miki komai ba.

Ƙwayoyin nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai ɗumin tukunyar da aka sauke aka rufe. A irin wannan yanayi wasunsu suna ninka kansu duk bayan minti 20. Ki lissafa da kanki: guda ɗaya tak, cikin awa 7 ta haura miliyan biyu. Barcin dare ɗaya ke nan. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, Ma'aikatar Noma ta Amurka kuma ta ƙara da cewa in zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ne kawai. Ni daga lokacin da na sauke tukunya nake fara ƙirgawa, ba daga lokacin da aka gama ci aka gama hira ba.

Maganar abu mai zafi yana kashe firij tana da ƙamshin gaskiya, sai dai an fahimce ta a baibai. In kika ɗauki ƙatuwar tukunya daga wuta kika cusa, za ta ɗumama duk abin da ke kusa da ita, injin ya yi ta wahala. Mafi muni, gefenta zai yi sanyi amma tsakiyarta ta daɗe da ɗumi har awoyi, ko da tana cikin firij ɗin. Akwai wata ƙwayar cutar da ta fi son irin wannan wurin, tsakiyar miyar nama mai kauri inda iska ba ta shiga, ita ce mai sa murɗar ciki da gudawa washegari. To maganin ba barin tukunyar a waje ba ne, raba abincin ne. Ki samu robobi masu murfi faffaɗa marasa zurfi, kada kaurin abincin a ciki ya wuce santimita 5, kamar faɗin yatsu uku. Shinkafa da taliya a tire nake baza su, kafin in gama wanke-wanke tururin ya tafi. Miya kuwa nakan tsoma tukunyar a babbar roba mai ruwan sanyi ina juyawa da ludayi, in ruwan ya ɗau zafi in canza. Kaza ko babban yankin nama sai na yayyanka. Da zarar tururi ya daina tashi, ko da sauran ɗumi, sai firij. Ɗumin ƙaramar roba ba abin da zai yi masa. Kada dai ki jibga su ɗaya kan ɗaya tun suna da ɗumi, ki bar sarari iska ta zaga.

Yanzu ga kwanakin. Hukumomin Amurka sun ce kwana 3 zuwa 4. Na Birtaniya sun fi tsanantawa, kwana 2 suka ce, shinkafa kuma kada ta wuce kwana 1. Ni tun abin da ya same mu shinkafa ba ta wuce washegari a wurina, haka kifi. Miya da dafaffen nama nakan kai su kwana uku. Abin da na san ba za mu cinye a wannan tsakanin ba, tun ranar da na dafa yake tafiya firiza, ba sai ranar ta huɗu da na ga zai lalace ba. Firiza a digiri 18 ƙasa da sifili tana tsayar da ƙwayoyin cuta ne cak, ba ta kashe su, yadda kika sa abinci haka za ki fito da shi. Kuma ki ƙulla daidai cin lokaci ɗaya, don kada ki narkar da dutse guda saboda cokali uku. Narkarwar ma a cikin firij nake yi tun dare, ba a kan tebur ba.

Wata ƙaramar dabara da mutanen gidana suka yi ta yi mini dariya a kanta: salatif na takarda da biro a gefen firij. Kowace roba sai na rubuta ranar da aka dafa. Kai yana mantuwa, za ki rantse shekaranjiya ce, ashe tun Litinin. Yanzu masu dariyar su ne masu tambaya in sun ga roba babu rubutu.

Duk wannan lissafin kuma ya dogara ne ga firij ɗin yana sanyi yadda ya kamata, wato digiri 4 zuwa 5 ko ƙasa da haka. Lambobin nan 1 zuwa 5 da ke jikin abin murɗawa ba digiri ba ne. Na sayi ɗan ma'aunin sanyi na ajiye a tsakiya, da safe na ga 9. Ashe robar bakin ƙofar ce ta saki. Ki gwada taki: ki maƙale takarda a ƙofar ki rufe, in ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi yana zurarewa ta nan. Aljihunan jikin ƙofa su suka fi ko'ina ɗumi, wurin ruwa da lemo ne, kada ragowar abinci ya je can. Ɗanyen nama da kaza da kifi a can ƙasa, a rufe cikin mazubi, dafaffe a sama, don kada ruwansu ya ɗiga a kan abin da za a ci.

Ko firij mai lafiyar ma rage gudun ƙwayoyin cuta yake yi kawai. Akwai wata, Listeriya, da take ci gaba da hayayyafa a hankali cikin sanyin, kuma ta fi illa ga mai ciki da abin da ke cikinta. A Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta kama mutum sama da 1,000, sama da 200 suka rasu, ta hanyar sarrafaffen naman da ake ajiyewa a sanyi a ci ba tare da an sake dafawa ba. In akwai mai ciki a gidan, ko tsoho, ko ƙaramin yaro, ko marar lafiya, ki bi lissafin Birtaniya, kuma kada su ci ragowar abinci da sanyinsa.

Wajen ɗumame, ki ɗebi iya wanda za a ci ki mayar da sauran nan take. Fito da robar gaba ɗaya a ɗumama a mayar, gobe a sake, shi ne yake ta ratsa abincin ta cikin ɗumin nan mai haɗari. Miya sai ta tafasa sosai, abu mai tauri kuma sai tsakiyarsa ta yi zafin da ba ya ciwuwa nan take, masu ma'auni suna neman digiri 74. Maikirowef, injin nan na ɗumama abinci, yana da ha'inci, gefe ya ƙona baki tsakiya da sanyi, sai an tsaya an juya an sake kunnawa. Abin da ya rage a farantin da aka sa hannu ko cokali ba na haɗa shi da na tukunya.

In an ɗauke wuta, ki hana yara buɗe-buɗe. Firij a rufe yana riƙe sanyinsa kamar awa 4, firiza cikakkiya kamar awa 48, mai rabi awa 24. Nakan cike gurbin da ya rage a firiza da gorunan ruwa su daskare, in wuta ta daɗe ba ta dawo ba in mayar da biyu uku cikin firij. Abin da na tarar da sauran ƙanƙara a jikinsa ina sake daskarar da shi, wanda ya narke har ya yi ɗumi kuwa ba na wahalar sansanawa.

Na san za a samu mai cewa mu haka muka taso muna ci ba abin da ya same mu. Ni ma na faɗa. Ba kullum ake kwana a gado ba, kuma sau nawa ciki ya ɗan juya muka ce sanyi ne ko ruwan da muka sha? Babba yakan shanye, yaro ne ba ya iyawa.

Ita kuwa miyar da ta kwana a kan murhu, na san da ciwo, ga nama ga wahalar da kika sha. Amma daga daren jiya zuwa yanzu ta ninka awa biyun nan sau biyar ko fiye, a rufe, da ɗumi. Ni dai ba zan ba yarana ba ko sau nawa aka tafasa ta. Ki zubar, ki wanke tukunyar da ruwan zafi da sabulu, in kin fita yau ki sayo robobin nan marasa zurfi guda huɗu ko biyar.