Za a Leƙa Hanjin Mahaifina da Na'ura: Yaya Za Mu Shirya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel, Jihar Jigawa. Mahaifina manomi ne mai shekara 63, kuma yana da ciwon suga. Kusan wata biyar ke nan yana ganin jini a bayan gidansa. Mun ɗauka basir ne, ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri, amma sai ramewa yake yi. Likitan da ya duba shi ya tura mu Kano a yi masa gwajin kolonoskofi, an sa mana rana nan da mako biyu, an kuma rubuta mana wani garin magani da zai sha. Baba ya tsorata, kunyar abin kuma ta dame shi, har yana cewa filasko ma ya isa ya wanke masa ciki. Me zai ci, yaya za mu yi da tafiya, kuma yaushe zai koma gona, tunda ga kaka ta zo?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka maka da alheri bisa wannan tsayuwa da ka yi. Likitan nan ya yi daidai. Basir yana kawo jini, gaskiya ne, amma jini tare da rama a jikin dattijon da ya haura shekara 60 ba abin da za a ci gaba da kira basir ba ne sai an duba an tabbatar, domin gyambon hanji da tsiro da ciwon daji duk suna iya ɓuya a bayan wannan suna.

Gwajin kansa ba tiyata ba ne, ba a yanka ko'ina. Wata siririyar mesa ce mai lanƙwasuwa, kaurinta kamar na yatsa, da fitila da kyamara a bakinta, ana shigar da ita ta dubura a bi babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, likita yana kallo a allo. Yawanci aikin minti 30 ne zuwa awa ɗaya, kuma galibi ana yin allurar da ke kwantar da jiki ta rage zafi. Game da kunya, ka faɗa wa Baba cewa a kishingiɗe zai kwanta ta gefen hagu, an lulluɓe shi, ba a buɗe komai sai wurin da aiki ya shafa.

Abin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne, rabin aikin nan a hannunku yake, ba a hannun likita ba. Kyamara ba ta gani ta cikin ƙazanta. Idan hanji bai wanku ba, ƙaramin tsiro zai iya ɓacewa a ƙarƙashin ragowar abinci, ko kuma a dakatar da gwajin a ce ku dawo wata rana, ga kuɗin mota da na gwaji sun tafi, ga wahalar da dattijo ya sha a banza. Saboda haka maganar filasko a ajiye ta. Filasko yana sa gudawa, amma sa gudawa daban, wanke hanji tas daban, kuma babu mai iya auna ƙarfin abin da aka jiƙa a ƙwarya. Sauran jiƙe-jiƙen basir ma ya dakatar da su tun yanzu.

Shiri yana farawa kwana uku kafin ranar, kuma a nan ne abincinmu na gida yake ba da wuya, domin kusan duk abin da Baba ya saba ci yana da dusa ko ganye ko 'ya'ya. Ya bar tuwon dawa da na gero, da dambu, da wake, da zogale da rama, da gyaɗa da riɗi, da miyar kuɓewa, da kankana da gwaiba, saboda ƙananan 'ya'yan nan suna maƙalewa a bangon hanji, har su toshe na'urar. Ya koma farar shinkafa, da taliya, da farin burodi, da dafaffen ƙwai, da kifi ko naman kaza mara kitse. A jajibirin gwajin kuwa babu abinci mai nauyi, sai ruwa-ruwan da idan aka zuba a kofin gilashi za a hangi ƙasansa: ruwa, shayi ba madara, romon da aka tace, da ruwan gishiri da sukari na ORS. Iyalai da yawa suna kuskure a nan da kyakkyawar niyya, su dama wa mara lafiya koko ko kunu ko fura suna cewa ai ruwa ne. Ba sa cikin lissafi. Zoɓo ma haka, domin jan launinsa yana kama da jini a idon likita.

Garin maganin a haɗa shi da adadin ruwan da aka rubuta, wanda yakan kai lita 2 zuwa 4 gwargwadon irin maganin, ya riƙa shan kofi ɗaya duk bayan minti 10 zuwa 15. Asibitoci da yawa suna raba shi biyu, rabi da yamma, rabi da asubar ranar gwajin, kuma wannan ya fi wanke hanji. Amma takardar da aka ba ku ita ce abin bi. Ɗanɗanonsa ba daɗi, sanyaya shi yana taimakawa, kuma idan zuciyarsa ta tashi ya huta na rabin awa ya ci gaba, kada ya bar shi a rabi. Alamar an yi nasara ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garai-garai mai ɗan rawaya kamar fitsari. Ya daina shan komai aƙalla awa biyu kafin a shiga da shi, ko yadda suka umarta.

Ciwon sugan nan ya fi komai damuna. Mutumin da zai yini bai ci abinci ba, idan ya sha ƙwayoyinsa ko ya yi allurar insulin yadda ya saba, sugansa zai iya faɗuwa ƙasa sosai. Tun wannan makon ka tattara duk magungunansa a leda ka kai wa likitan, ya faɗa muku wanda za a rage da wanda za a tsayar. Ƙwayar ƙarin jini ana barinta kimanin mako guda kafin gwajin, domin tana baƙanta hanji. Masu tsinka jini irin su aspirin da warfarin kada ku tsayar da su da kanku. A jajibirin, idan ka ga gumi da rawar jiki ko ruɗewa, ka ba shi shayi mai sukari nan take.

Tafiya kuwa, kada ku yi gangancin ya sha maganin a gida sannan ku shiga motar haya da asuba. Ku isa Kano tun kafin ya fara sha, ku sauka inda banɗaki yake kusa kuma ba na layi ba, da wadataccen ruwa, da fitila, da man shafawa na Vaseline saboda raɗaɗi. Ka kwana kusa da shi, domin dattijon da ke yawan tashi cikin dare da jiri yana iya faɗuwa.

Bayan an gama zai huta kamar awa ɗaya har allurar ta sake shi. Zai ji kumburin ciki saboda iskar da aka hura domin buɗe hanjin. Ya ɗan yi tattaki, kuma kada kunya ta sa ya riƙe iskar. Zai iya cin abinci mai sauƙi a ranar, yanzu kam kunu ya halatta. Na awa 24 ba zai tuƙa babur ba, ba zai yi tafiya shi kaɗai ba, kuma na fi so ku ƙara kwana a Kano. Idan dubawa kawai aka yi, bayan kwana ɗaya ko biyu zai iya leƙa gona. Idan an cire tsiro, ɗaukar dami da buhu sai yara su yi na mako ɗaya zuwa biyu, domin jini yana iya ɓallewa daga wurin ko bayan kwanaki. Ɗan ɗigon jini a bayan gida na farko ba abin tsoro ba ne, amma jini mai yawa ko gudaji, da matsanancin ciwon ciki, da taurin ciki, da zazzaɓi, da amai, ko suma, waɗannan ba a kwana da su: ku nufi asibiti mafi kusa ku faɗa musu gwajin da aka yi da ranar da aka yi shi.

Kafin ku bar asibitin ka karɓi rubutaccen rahoto, ka tambaya ko an gutsiri nama an tura ɗakin gwaji. Gutsirar nama ba ta nufin an ga ciwon daji, sakamakon ne zai faɗa, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Ka rubuta ranar da za ku koma karɓarsa, ko da jinin ya tsaya kuma Baba ya ce ya warke. Idan kuma sakamakon ya nuna tsiro ko ciwon daji, ka tambayi likitan a wace shekara ya kamata kai da 'yan'uwanka a fara duba ku, domin wannan ciwo yakan bi jini.