Shin toshe talla a waya cin haƙƙi ne?

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan talla suka tsaya. Wasu na neman yadda za su rabu da shi, wani kuma ya zo da ƙorafi a kaina. Na taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Datar wata da nake saya ba ta kai ni mako uku. Abokina ya ce tallace-tallacen shafuka ne ke shanye ta. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya faɗa maka. A 2015 jaridar New York Times ta auna fitattun shafukan labarai 50 ta kan waya, ta tarar fiye da rabin datar da ake saukewa ba ta labarin ba ce, ta talla ce da 'yan rakiyarsa. Rubutu ba ya cin wani abin kirki. Masu cin su ne hoto mai motsi, bidiyon da ke kunna kansa, da ƙananan manhajojin bibiya da ke kai rahoton irin wayarka da garin da kake da shafukan da ka leƙa a baya. Tun da hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan asara ta fi ciwo.

Ɗaya rabin kuma: idan a TikTok da bidiyon Facebook da kallon sitatus kake wuni, toshe talla ba zai cece ka ba. Shiga saitin wayarka ka duba yawan datar da kowace manhaja ta ci, can za ka ga ɓarawon na gaskiya.

In ka ga burauza ce a sama, hanya mafi sauƙi ita ce ka sauke Firefox, ka liƙa masa uBlock Origin. Aikinsa irin na maigadi ne mai riƙe da jerin sunaye: duk adireshin da aka san na kamfanin talla ne, ba ya bari ya shigo, don haka datarsa ma ba ta sauka. Brave da Opera Mini suna zuwa da nasu a ciki. Chrome na Android kuwa ba ya karɓar irin waɗannan ƙarin manhajoji ko kaɗan.

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin shafin labarai na Hausa a Kano, mu uku muke aiki, kuma da kuɗin talla muke biyan data da kuɗin mota. Ku masana kuna koya wa mutane toshe talla. Mutum ya karanta labarin da na sha rana na samo, ya hana ni ɗan abin da zan samu. Wannan ba cin haƙƙi ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, na ji zafin maganarka, kuma ba zan ce maka ba ka asara ba. Duk wanda ya buɗe shafinka da matoshin talla, ba a lissafa maka shi. Ga shi dama abin da ake biya kan mai kallo daga Nijeriya ko Nijar bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba. Ƙaramin shafi irin naka ya fi jin jiki a kan manyan kamfanonin da suka jawo matsalar.

Gardamar nan ta daɗe, har ta je kotu. Kamfanin Axel Springer na Jamus, mai jaridar Bild, ya maka kamfanin Eyeo mai manhajar toshe talla ta Adblock Plus, kuma a Afrilun 2018 kotun ƙolin tarayya da ke Karlsruhe ta ce sayar wa mutane ko ba su abin toshe talla bai saɓa dokar gasar kasuwanci ba, tunda mai na'urar ne ke zaɓar ya sa ko kada ya sa. Springer bai haƙura ba, ya koma ta ƙofar haƙƙin mallaka. Tun 2015 ma Bild ta rufe shafinta ga masu toshe talla: ko ka cire, ko ka biya. Ni ban ga laifinta ba a nan. Mai shafi na da ikon gindaya sharaɗi a ƙofarsa.

Su kansu masu ƙera manhajojin ba bakinsu ɗaya ba. Lokacin da Apple ya ba da damar toshe talla a iPhone a Satumban 2015, wani mai suna Marco Arment ya fitar da manhajar Peace, nan da nan ta haye saman jerin waɗanda ake saya a Amurka. Bayan kwana biyu ya janye ta da kansa, ya ce a mayar wa mutane kuɗinsu, saboda tana yi wa kowa kuɗin goro, har da waɗanda ba su cancanci a cutar da su ba. Ta ɗaya gefen kuma, Ethan Zuckerman, wanda ya rubuta tsarin tallan nan mai faɗo wa mutum a fuska tun shekarun 1990, ya fito a 2014 ya nemi afuwar duniya.

To amma kalmar cin haƙƙi ta yi nauyi, ga kuma dalilina. Wayar ta mai karatu ce, datar shi ya saya, cajin ma wani lokaci biya ya yi a shago. Kuma tallan da ke fitowa a shafinka ba kai ka zaɓe shi ba. Gurbi ka bayar, aka yi gwanjonsa cikin ƙiftawar ido, wanda ya fi tayi ya ɗauka, kai ma ba ka san ko waye ba. A Maris na 2016 an cusa tallan da ke ɗauke da manhajar garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle kwamfuta sai an biya fansa, ta shafukan New York Times da BBC da MSN. Idan waɗannan ba su iya tace abin da ke bi ta kansu ba, ina ga shafin mutum uku? A Disamban 2022 hukumar FBI da kanta ta shawarci jama'a su sa matoshin talla, saboda 'yan damfara na sayen gurbin saman sakamakon bincike, su yi shigar banki ko sanannen kamfani. Wanda aka kwashe wa asusu ta hanyar tallan da ya gani a shafinka, kai za ka biya shi? Ba za ka biya ba, kuma ba wanda zai ce ka biya. Tunda haɗarin a kansa yake, ba zan hana shi kare kansa ba.

Abin da nake gaya wa masu karatu shi ne, kowane matoshin kirki na da maɓallin da ake kashe shi a shafi guda. Shafin da kake leƙawa kullum, ka san masu shi na wahala, tallansu kuma ba ya hana ka karatu, ka buɗe musu. Wanda ya toshe kowa da kowa, shekara da shekaru yana karanta aikin mutane ko sisi bai taɓa bayarwa ba, bai yi sata ba a ganina, amma ya yi rowa. Hukuncin shari'a kuwa na malamai ne, ni yadda na'urar ke aiki na bayyana.

Kai ma akwai naka. Buɗe shafinka a waya mai ƙaramin ƙarfi, da data ba da wayafai ba, ka ƙirga sau nawa sai ka rufe wani abu kafin ka kai sakin layi na biyu. Na ga shafukan Hausa da labarin layi goma ne, tallan ya fi shi tsawo, ga wani ya rufe fuskar wayar, alamar rufewar kuma ƙanƙanuwa da gangan don yatsa ya kuskure. Irin wannan ne ke koya wa mutum neman matoshi, kuma in ya sa, ba ya cirewa. A cikin AdSense, tsarin Google na sa talla a shafuka, akwai wurin hana rukunin tallan caca da na neman abokan soyayya, ka yi amfani da shi. Sannan ka nemi talla kai tsaye wurin 'yan kasuwar garinku: mai atamfa a Kwari, mai sayar da waya a Farm Centre, makarantar kuɗi mai neman ɗalibai. Hoto guda mara motsi da ka ɗora a shafinka da hannunka galibi matoshi ba ya taɓa shi, kuɗin kuma ba mai raba shi da kai.

Tambaya: Ni uwa ce daga Maraɗi. Yarana na buga wasanni a wayata, sai tallan caca da hotunan mata marasa sutura su riƙa fitowa. Na rasa yadda zan yi.

Amsa: Hajiya, a nan babu wata gardama, ki toshe kawai. Tallan cikin wasanni ba ta burauza yake zuwa ba, don haka Firefox ba zai yi maganinsa ba. Idan wayarki Android 9 ce ko sama, ki shiga saiti, ɓangaren haɗin intanet, ki nemi inda aka rubuta Private DNS, ki sa family.adguard-dns.com ki adana. Wannan zai hana yawancin tallan cikin manhajoji, ya kuma rufe shafukan batsa. Wanda talla kaɗai yake son toshewa sai ya sa dns.adguard-dns.com. Ki sani kamfanin da kika sa adireshinsa zai iya ganin sunayen shafukan da wayar ke nema, kuma wani lokaci wayafai na otal ko makaranta ya ƙi haɗuwa sai an kashe shi.

A asusunki na Google kuma akwai My Ad Center, inda za ki rage tallan caca da barasa da na soyayya. Dabara mafi arha: wasan da ba ya buƙatar intanet, ki kashe data kafin ki miƙa musu wayar.

Tambaya: Matoshan talla sun yi yawa a kasuwar manhajoji. Wanne ne na gaskiya?

Amsa: Ka yi hattara, banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2018 an gano na bogi a kasuwar Chrome waɗanda mutane kusan miliyan 20 suka sauke. Manhajar da ka ba ikon ganin duk shafin da ka buɗe, in ta maƙaryata ce, ta fi tallan illa. Adblock Plus na gaskiya ne, sai dai tun 2011 yana da tsarin barin tallan da ya ce ba ya damun mutane, manyan kamfanoni kuma biya suke a sa su cikin jerin. Ana iya kashe wannan a saitinsa, amma ni abin bai kwanta mini ba. Shi ya sa nake ambaton uBlock Origin na Raymond Hill, wanda ko gudummawar kuɗi ba ya karɓa. Ka duba sunan da kyau, da Origin ɗinsa.

Tambaya: Malam, talla na fitowa a fuskar wayata ko ban buɗe komai ba, wani lokaci a ce wayata ta kamu da bairos, in danna a wanke. A kwamfutata kuma Chrome ya kashe mini uBlock, YouTube na cewa in cire matoshi. Daga Kumasi.

Amsa: Matsaloli uku ka haɗa, Alhaji. Ta farkon ta fi gaggawa: kada ka danna. Babu shafin da zai iya duba wayarka ya ga bairos, tarko ne. Sau da yawa wani shafi ne ya taɓa neman izinin turo maka sanarwa ka amince ba ka lura ba. Shiga saitin Chrome, ɓangaren sanarwar shafuka, ka cire duk wanda ba ka sani ba. In bai daina ba, manhaja ce. Ka tuna abin da ka sauke a kwanakin da abin ya fara, musamman masu cewa suna wanke waya, ko ƙara ƙarfin batir, ko tocila, da waɗanda aka tura maka ta Xender a shagon caji. Wasu kan ɓoye alamarsu, sai ka duba cikakken jerin manhajoji a saiti, za ka ga wata ba suna ba hoto. Wasu wayoyi masu sauƙin kuɗi kuma da tallansu suke fitowa daga kamfani, a allon kulle ko cikin manhajar fayiloli. Wannan a saitin kowace manhajar ake kashe shi, inda aka ba da dama.

Batun Chrome, daga 2024 Google ya fara kashe ƙarin manhajojin da ke kan tsohon tsari, ya koma wanda ake kira Manifest V3, wanda ya rage wa matosai ƙarfi. Google ya ce don tsaro ne. Masu suka na tuna wa mutane cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar kamfanin daga talla yake. Kana da zaɓi biyu: uBlock Origin Lite a Chrome, wanda ya ishi yawancin mutane, ko cikakken a Firefox.

YouTube kuwa tun 2023 ya tsananta, yau a gyara matoshi ya yi aiki, gobe ya daina. A nan nakan sassauta ra'ayina, domin kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo mai tashar ke ɗauka, kuma masu fina-finan Hausa da masu koyar da girki da ɗinki da yawa da shi suke rayuwa. Mai hali ya biya Premium, wato YouTube na kuɗi marar talla, ana ba masu tashoshin da yake kallo kaso daga ciki. Marar hali ya jure daƙiƙa biyar ya tsallake. Abin da ba na so shi ne YouTube ɗin da aka yi wa kwaskwarima ana yawo da shi a guruf-guruf. Vanced na asali, wanda ya yi suna a irinsu, ya rufe tun Maris na 2022 bayan Google ya yi masa barazanar shari'a, kuma yawancin masu ɗauke da sunansa yanzu ba a san wanda ya haɗa su ba. In ka taɓa shigar da asusunka na Google a irinsu, ka goge manhajar yau, ka canza kalmar sirri, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu.