Tambayoyinku Kan Waya: Hoton Zooniverse Ya Ƙi Fitowa

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Da daddare ina taimakawa a shafin Zooniverse, inda 'yan sa-kai ke taya masu binciken kimiyya aiki, wajen tantance hotunan namun dajin Serengeti. Sai in yi hoto biyu ko uku, na gaba ya ƙi fitowa, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa har in gaji. Da Opera Mini nake shiga saboda tsadar data, akwai kuma VPN na kyauta da ƙanena ya sa mini. Na kai wayar an yi mata filashin, amma ba ta sauya zani ba.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki, amma wayarka ba ta yi laifin komai ba, a banza aka wanke mata kai. Filashin ɗin nan ya zama maganin kowace cuta a wurin mutanenmu. Shafi ya ƙi buɗewa, filashin. Batir na saurin ƙarewa, filashin. A biya kuɗi, a rasa hotunan biki da lambobin 'yan uwa, a dawo gida a sake saukar da manhajar da ta jawo matsalar tun farko. Abin yana ci mini rai, domin a cikin wasiƙarka ka faɗi masu laifin biyu da bakinka.

Na farko Opera Mini. Idan tana kan matakin tsimin data mai tsanani, wanda suka rubuta Extreme, wayarka ba ta zuwa shafin da kanta. Kwamfutocin kamfanin Opera ne ke buɗe shi a can, su matse shi, su turo maka abin da ya rage. Kamar ka aiki yaro kasuwar Wudil ya dubo maka sa ne, ya dawo ya ba ka labarinsa: ka ji kamanninsa, amma ba ka taɓa shi ba. Wannan ya wadatar ga karanta labarai. Zooniverse kuwa shafi ne mai aiki a cikin wayarka ta hanyar JavaScript, wato umarnin da shafi ke turo wa waya ta aiwatar da kanta. Duk sanda ka danna Done, sai ya tura amsarka, ya nemo hoto na gaba, ya ɗora shi ba tare da ya sake loda shafin ba. Wancan mataki na Opera Mini daƙiƙu kaɗan yake ba irin wannan aiki ya yanke shi. Ga kuma matse hoto da take yi. Kai da ake so ka bambance barewa da gada a bayan ciyawa, me za ka gani a hoton da aka dusashe?

Na biyu VPN ɗin ƙanenka, kuma a nan na fi damuwa. Saƙonka zai bar Ringim, ya zagaya ta wata kwamfuta a ƙasar da ba ka sani ba, wadda jama'a suka yi wa cunkoso saboda kyauta ce, sannan ya isa inda za shi. A ƙauyen da sabis ke sauka daga 4G zuwa H+, wani lokacin har E, wannan zagayen kaɗai ya isa ya sa hoto ya mutu a hanya. Wasu VPN ɗin kuma suna toshe adireshi da sunan hana talla, alhali hotunan Zooniverse daga wani adireshi daban suke zuwa, ba inda rubutun shafin yake ba. Shi ya sa za ka ga maɓallai da rubutu sun fito, gurbin hoto kuwa wayam. Sannan ka tambayi kanka: wanda ya ba ka VPN kyauta, da me yake biyan kuɗin injinansa? A wayar nan fa manhajar bankinka take, nan albashinka ke shigowa. Goge VPN ɗin nan yau, kar ka bari sai gobe, kuma ka ja wa ƙanen naka kunne.

Bayan haka ka shiga da Chrome ko Firefox, ka share ma'ajiyar wucin gadi (cache) ta shafin, ka sake shiga da sunanka. Idan wayar irin mai RAM 1GB ko 2GB ce, rufe sauran shafukan da ka tara a buɗe, na san sun fi ashirin. Ni dai abin da nake yi, kuma nake so kowa ya yi, shi ne aikin hotuna bayan sallar asuba, kafin gari ya tashi a cika eriya. Kada kuma hoton da ya maƙale ya hana ka barci. Tsarin Zooniverse, tun daga Galaxy Zoo, aikin tantance hotunan tarin taurari na 2007 da ya haife shi, shi ne a nuna hoto ɗaya ga mutane da yawa a haɗa amsoshinsu. Wanda ya kuɓuce maka wani zai same shi, waɗanda ka riga ka tura kuma sun shiga.

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Kazaure. Wani aiki a Zooniverse ya daina ba ni hotuna, sauran kuma suna buɗewa lafiya.

Amsa: 'Yar uwa, hotunan ne suka ƙare. Idan kowane hoto ya samu adadin amsoshin da masu binciken ke buƙata, sai a janye shi, aikin ya tsaya har su ɗora sababbi. Sanarwar tana saman shafin, karantawa ce ba ki yi ba. Zaɓi wani aikin kafin nan.

Tambaya: Daga Ɗambatta. Tun da na cire batir na mayar, kowane shafi sai ya ce haɗina ba amintacce ba ne.

Amsa: Duba kwanan wata, ɗan'uwa. Wayarka ta koma wata shekara ta baya, don haka takardun shaidar tsaro na shafuka suka zame mata kamar ba su fara aiki ba. Sa kwanan wata da lokaci su riƙa saita kansu daga sabis.

Tambaya: Ina ƙidayar tsuntsaye a fadamar Baturiya ta yankin Haɗeja da manhajar eBird. A can babu sabis, jerin sunayen tsuntsaye ba ya lodawa.

Amsa: Madalla da wannan aiki, Baturiya wuri ne da ya shiga jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya tun 2008, kuma bayanan tsuntsayen da ke zuwa can daga Turai lokacin hunturu suna da daraja. Kafin ka bar gari, sauke kundin tsuntsayen Najeriya a cikin manhajar inda sabis ke da ƙarfi. GPS ba ya cin data, zai kama wurin da kake ko babu sabis ko kaɗan. Yi ƙidayarka, ka bar jerin a ajiye a wayar, in ka dawo Haɗeja ka tura. Ka tafi da fawa banki, domin GPS na shan caji sosai.