Fatawa: Hukuncin Yi Wa Iyaye Kyautar Ba-zata Ta Tafiyar Shaƙatawa A Jirgin Ruwa

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina aiki a Ingila, Allah ya hore mini abin hannu daidai gwargwado. Ina son in yi wa Baba da Umma kyautar ba-zata: tafiyar kwana 7 a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda zai tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen ya bi gaɓar Faransa da Italiya. Zan haɗa da ƙanwata mai aure da ƙanena. Shirina in ce musu su zo a duba lafiyar Baba, sai kawai su gan su a bakin jirgi. Kamfanin ya ce kafin alƙalamin da zan bayar ba a mayarwa. Wani abokina ya ce haramun ne saboda giya da caca da ke ciki, wani kuma ya ce almubazzaranci ne. Baba yana da wata matar, ban sa ta a lissafi ba. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Kyautar halal ce a asalinta, har da lada idan ka nufi faranta wa iyaye. Amma yadda ka tsara ta akwai gyara, kuma gyaran ya fi yawa a wajen ba-zatar fiye da wajen tekun.

Shi teku ba shi da laifi. Allah ya ce shi ne ya hore mana teku domin jirage su gudana a cikinsa da umarninsa (Suratul Jasiya, aya ta 12). A Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya farka daga barci yana murmushi a gidan Ummu Haram bintu Milhan, ya ce an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna ratsa teku kamar sarakuna a kan gadajen mulki. Ta roƙe shi ya yi mata addu'a ta zama cikinsu, kuma ta zama: ta hau jirgi zuwa tsibirin Ƙubrus a zamanin Sayyidina Usman. Kakanninmu da suka je Makka a ƙafa ma, da jirgin ruwa suke tsallake Bahar Maliya daga gaɓar Sudan zuwa Jidda.

An ruwaito Imam Malik ya karhanta wa mace tafiya a teku, amma malaman mazhaba sun bayyana dalili: jiragen wancan zamani ƙanana ne, ba inda mace za ta kwanta ko ta biya buƙatarta ba tare da idon maza ba. Shi ya sa Shehu Khalil a Mukhtasar ya togace, ya ce sai dai idan ta keɓanta da wurinta. Jirgin yau kowa da ɗakinsa da banɗakinsa da mabuɗinsa, wannan dalilin ya kau. Sai dai Khalil ya kawo wani sharaɗin da har yanzu yana nan: kada halaka ta rinjaya, kuma kada jiri ya sa mutum ya tozarta wani rukunin sallah. Ka san ko Umma tana jure motsin ruwa? Ba ka sani ba, domin ba ka tambaye ta ba.

Maganar ba-zata ke nan. Ɓoye wa mutum alherin da kake shirya masa har zuwa lokacinsa ba laifi ba ne. Amma cewa "ku zo a duba lafiyar Baba" alhali ba asibitin da za a je, ƙarya ce. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro ta ce, "Zo in ba ka." Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba za ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Wannan uwa ce da ɗanta ƙarami. To ina ga ɗa da mahaifinsa? Kuma ka zaɓi mafi nauyin ƙarya. Dattijon da aka ce masa ya zo Turai a duba shi, makonni zai yi yana lissafin abin da likita ya hango aka ɓoye masa, Umma kuma ba za ta yi barci ba. Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba.

Ko ta fuskar aiki ma shirin ba zai tafi ba. Bizar Ingila ba ta shiga da mutum Sifen ko Italiya. Sai sun nemi bizar Shengen, wato ta bai-ɗaya da ake shiga waɗannan ƙasashen Turai da ita, kuma da kansu za su je a ɗauki hoton yatsunsu, a rubuta dalilin tafiya. Ko dai su san gaskiya tun a nan, ko kuma a rubuta abin da ba shi ba ne a takarda, ka ga ƙarya ta haifi wata.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Kyauta a shari'a ba ta shiga mallakar mutum dole. Sai ya karɓa, kuma yana da haƙƙin ya ce a'a. Wanda ka ba turare ko shadda, in bai so ba ya ajiye. Tafiyar mako guda kuwa ɗaukar mutum ne ɗungurungum da lokacinsa da jikinsa da ibadarsa. In ka biya kuɗin da ba a mayarwa sannan ka tsayar da Baba a gaban jirgi, ka toshe masa ƙofar ƙi. Iyayenmu kuma mun san su da kara: zai hau yana yi maka addu'a, zuciyarsa ba ta so, don kada kuɗinka su salwanta. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

Ƙanwarka tana da muharrami tunda ga Baba ga ku, wannan ba matsala. Abin da ya rage izinin mijinta, kuma ba a neman izini bayan an riga an kai matar mutum Basalona. Shi za ka fara yi wa magana kafin ita.

Ita kuwa abokiyar zaman Umma, shari'a ba ta wajabta maka daidaita ta da mahaifiyarka ba, kamar yadda ba ta wajabta maka daidaita ƙannenka ba. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, "ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku," umarni ne ga uba. Amma Baba yana da nasa nauyin. Nana A'isha ta ce idan Annabi (SAW) zai yi tafiya ƙuri'a yake yi tsakanin matansa. Shafi'iyya da Hanabila sun wajabta ƙuri'ar idan ba a samu yarda ba. A Malikiyya miji yana da zaɓi, ban da tafiyar Hajji da yaƙi. Kowanne aka bi, Baba ne zai koma gidan ya zauna da abin da ya biyo baya, ba kai ba. Ka bar shi ya shirya gidansa, kai kuma ka yi wa baiwar Allah nan tsaraba mai daraja.

To, maganar abokinka na farko. Bai yi ƙarya ba game da abin da ke cikin jiragen. Galibinsu suna da mashaya a hawa-hawa, da ɗakin caca da ake buɗewa da zarar jirgi ya bar tasha, a wasu ma yana kan hanyar da ake bi zuwa ɗakin cin abinci. Saman jirgi kuma wurin ninkaya ne. Ka ƙaddara Baba da babbar rigarsa da carbi a hannu, ƙofar lif ta buɗe masa a wannan hawan da rana tsaka a lokacin bazara. Kai ka saba da Turai, ka san inda za ka kai idonka. Shi fa?

Duk da haka ban ce da zarar akwai giya a wani sashe na jirgi, hawansa ya haramta ba. Da haka ne, da jirgin sama da yawancin otal-otal ma sun haramta. Nassin da ya zo a kan zama ne: wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito daga Jabir. Sai dai akwai bambancin da dole a faɗa. Jirgin sama hanya ce ta 'yan sa'o'i zuwa wata buƙata. Wannan kuwa shi kansa jirgin ne wurin zuwan, kuma babu lalurar da ta kai ka. Don haka abin da nake gani: in kun tabbata za ku iya kauce wa waɗannan wurare, tafiyar ta halatta, barinta ya fi. In kuwa kun san ba za ku iya ba, ko kana tsoron fitina ga ƙanenka, bai halatta ka kai su ba, kuma kai da ka biya kana da kaso a abin da ya faru.

Kaucewar tana da hanyoyi. A babban ɗakin cin abinci sukan haɗa baƙi teburi guda, sai ka nemi naku ku kaɗai tun wajen yin rajista. Kada ka sayi tsarin da aka cusa kuɗin giya a ciki. Katin buɗe ɗaki shi ne kuma katin sayayya a jirgin, a wasu jiragen har a wajen caca yana aiki, sai ka sa a ƙayyade na ƙanenka. Abinci kuma a nemi na halal tun da wuri, domin sai an yi musu tanadinsa kafin a tashi. In bai samu ba ga kifi, Annabi (SAW) ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A dai riƙa tambaya ko an sa giya a miya, don girkin Turawa bai rabuwa da ita.

Da ni ka tambaya shawara, da na ce ka duba wajen Bahar Maliya. Tun Disamban 2024 kamfanin AROYA na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda, jirginsa ba giya ba caca, abincinsa halal, akwai wurin sallah. Ban ce an wanke shi tas ba, akwai kiɗa da wasanni, sai ka bincika da kanka. Amma daga Jidda zuwa Makka tafiyar kusan sa'a guda ce, in bizarsu ta ba da dama sai su haɗa da Umara. Ina kyautata zaton wannan zai fi yi wa Umma daɗi fiye da ganin gaɓar Italiya.

Abokinka na biyu kuma, tsadar abu kaɗai ba ta mayar da shi almubazzaranci. Ana duba halin mai kashewa ne. Allah ya yabi waɗanda idan sun ciyar ba sa ɓarna ba sa ƙwauro (Suratul Furƙan, aya ta 67). In kana da bashin da lokacinsa ya yi, shi ne gaba. In da katin bashi mai kuɗin ruwa za ka biya, ka fasa. In kai kanka ba ka sauke farali ba kuma kuɗin za su kai ka, Hajji ne gaba. In iyayen ne ba su je ba, ba dole ba ne a kanka ka biya musu, amma ka tambaye su wanne suka fi so, ka ji amsa.

Shi kafin alƙalamin da ba a mayarwa, malamai sun yi saɓani. Malik da jumhur, wato mafi yawan malamai, sun hana, Imam Ahmad ya halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta ɗauki halaccin a zamanta na Brunei a 1993, da sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Kana iya bin wannan, amma bayan sun amince. Ba-zatar ta zama a albishir: ka kira Baba shi kaɗai tukuna, ka nuna masa hoton jirgin da hanyar da zai bi, ka gaya masa abin da ke ciki mai daɗi da marar daɗi, ka ce ga abin da ka yi niyya in ya yarda. In ya ce a'a, ka juya kuɗin zuwa abin da suke so, ladanka na nan.

In tafiyar ta tabbata, ga hukuncin sallah. Farilla a tsaye ake yin ta, sai in ana tsoron faɗuwa ko jiri ya hana. A fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya ana cikin sallah a juya da alƙiblar gwargwadon iko. Manhajar waya takan rikice saboda ƙarfen jirgi, talabijin ɗin ɗaki kuwa yakan nuna taswira da inda jirgin ya dosa, da shi sai a yi kirdado. Lokutan sallah na inda jirgi yake ne, ba na Kaduna ko Landan ba. Ƙasaru ta halatta, domin Khalil ya ambaci tafiyar mil 48 ko da a teku ne. Karhancin ƙasaru da Malikiyya suka faɗa kuwa a kan mai tafiyar wargi ne, irin mai farauta don nishaɗi kawai; tafiyar da aka yi don kyautata wa iyaye ina ganin ba ta shiga nan ba. Haɗa salloli biyu kuwa, Malikiyya sun taƙaita rangwamensa ga tafiyar tudu, Shafi'iyya da Hanabila sun halatta har a teku. Tunda ɗaki na nan kuma ba abin da ya tsare ku, ku yi kowace a lokacinta, ku bar haɗawar sai ranar da kuka sauka yawo a garin da samun wurin sallah zai yi wuya. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, Azahar za ku yi.

Wallahu a'alam.