Wai sai na saka lambar katina kafin kuɗin ya shigo?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin saka keken ɗinkinki a shafin talla, wani ya ce ya biya ta kamfanin dilibari, ya turo miki link wai ki saka lambar katinki kuɗin ya sauka. Toh kar ki taɓa link ɗin nan, ɓarawo ne, wallahi ba ma sai na ga hoton saƙon ba.

Ni ma an taɓa yi min lokacin da na saka kwamfutata. Ko awa ɗaya ba a yi ba mutumin ya yi magana, bai tambayi lafiyar batir ba, bai nemi ragi ba, kawai ya ce yana so amma yana nesa mu koma WhatsApp. Nan ya kamata in farga amma kin san mai son ya sayar da kaya, murna nake na samu kwastoma mara ciniki. Link ɗin da ya turo na buɗe sai ga hoton kwamfutata da na ɗauka da hannuna, ga sunana, ga farashin, ga tambarin kamfanin dilibari, har da wani ɗan akwatin hira a gefe wai ma'aikacinsu ne yake amsa min cikin ladabi. Na saka lambobi 16 na gaban katin, na saka ranar ƙarewa da ukun nan na baya, sai suka ce in rubuta nawa ne a asusuna wai tantancewa suke, nan gabana ya ɗan faɗi amma na ci gaba, sai ga saƙon banki da lambar OTP, wato lambar sirrin nan da ake amfani da ita sau ɗaya. Allah ya taimake ni na tsaya na karanta saƙon har ƙarshe, ashe izinin FITAR da kuɗi ne daga wajena. A daren na kira banki suka toshe katin.

Abin da ban gane ba a lokacin, mai turo miki kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata da sunan banki. Lambobin bayan kati da PIN da OTP duk na biya ne, ba a karɓar kuɗi da su. Kuma wannan ɗan kwaɗon da ake gani a saman shafi kar ya ruɗe ki, shafin bogi ma yana samunsa, adireshin za ki duba harafi harafi, sukan ƙara kalma ɗaya ko su canza harafi a sunan kamfanin gaskiya.

Ba wai yaro ɗaya ne a ɗaki yake wannan aikin ba fa. Kamfanin tsaron intanet Group-IB ya fitar da rahoto a 2021 kan wata harka da suka kira Classiscam wadda ta faro daga Rasha, a Telegram ake haɗa musu shafin, ɓarawo ya saka bayanin tallarki cikin ɗan lokaci ya samu link mai hoton kayanki. Shi ya sa yake kama da gaske haka.

Akwai kuma masu cewa za su turo miki lamba 6 a waya ki karanto musu don su tabbatar ke ba 'yar damfara ba ce, abin dariya, da lambar suke kwace WhatsApp ɗin mutum. Wasu kuma su turo alat na ƙarya ko imel wai kuɗin yana riƙe sai kin tura kaya, ko su ce sun yi kuskure sun biya da yawa ki mayar da ragowa. Ni yanzu sikirinshot ba ya burge ni ko kaɗan, sai na shiga manhajar bankina da kaina na ga kuɗin zaune.

In har kin riga kin saka lambobin, ki kira bankinki yanzu da lambar da ke jikin katin a toshe shi, kar ki jira safiya. In ba ki saka ba ki ɗauki hoton hirar, ki kai ƙorafinsa a shafin tallar, ki yi blokin ɗinsa. Keken kuma ki bar shi a shafin, mai saye na gaskiya zai tambaye ki ko injin yana tsallake zare.